Awar Madam Mariyatu a Gidan Niƙa

A duk faɗin arewacin Ghana, daga Yendi har bakin iyakar Burkina, babu malamin makaranta da ya kai Madam Mariyatu Iddrisu kwanciyar hankali. Hedimastanta, Masta Wahid, shi ya faɗi haka a gaban baƙi, kuma babu wanda ya musa. Gaskiya ne Masta Wahid bai taɓa aiki a wani gari ban da Tamale ba, kuma malaman da ya sani duka-duka goma sha ɗaya ne, biyu daga cikinsu ba sa yi masa magana. Amma a tsakanin sha ɗayan nan, maganarsa tana da ƙarfi.

An haifi Mariyatu a unguwar Sabonjida, cikin Tamale, a gidan da kakanta, wani falken goro, ya gina da niyyar ya yi damina ɗaya ya wuce. Bai wuce ba. Gidan ɗaki goma sha huɗu ne da tsakar gida ɗaya, kuma duk wanda ya yi tari a cikinsa sai mutum shida sun ce masa sannu. Ta yi karatu, ta shiga kwalejin malamai, ta fito, ta auri Imoru mai gyaran babur. Aure ya ɗauke ta daga wannan gida ya kai ta wani mai ɗaki goma sha shida, layi biyu a gaba. Ta haifi huɗu. Shekara goma sha tara ke nan tana riƙe da aji huɗu a wata firamare a unguwar Dabokpa, tana zuwa a kan ɗan babur da mijinta ya haɗa mata daga gawar wasu babura uku.

Shekarunta na farko sun wuce yadda na kowa suke wucewa. Wahala ta shigo ne bayan korona. Yara suka dawo daga dogon zaman gida sun manta karatu, wasunsu har zama a benci sun manta. Ba a gama da wannan ba, iskar farkon damina ta yaye kwanon ɓangare ɗaya na makarantar ta ajiye shi a gonar wani mutum. Jami'ai suka zo, suka ɗaga kai suka dubi sama ta inda rufi yake a da, suka rubuta wani abu suka tafi. Aka haɗa aji biyu wuri ɗaya. Mariyatu ta wayi gari da yara casa'in da uku a ɗakin da aka gina domin arba'in.

Kowa a makarantar ya sami hanyarsa ta ɗaukar abin. Masta Wahid ya fara shan ƙwayar hawan jini. Malamin aji shida ya koma magana da bulala kawai. Madam Lariba, ƙawar Mariyatu mai riƙe da aji uku, takan shiga ɗakin ajiyar littattafai ta yi kukanta na minti biyar, ta fito tana zagin ƙura. Ita kuwa Mariyatu ba ta yi komai ba har wata Laraba, ranar da ta tsinci kanta ta ɗaga katakon goge allo a kan wata yarinya. Laifin yarinyar shi ne ta ce “Madam”. Karo na wajen ɗari biyu ke nan da aka faɗi kalmar tun safe. Hannun ya tsaya a sama, bai sauka ba, amma Mariyatu ta ga yadda yarinyar ta kare fuskarta, ta kuma san cewa wata rana hannun zai sauka.

Ta zauna ta yi tunanin abin da take bukata, sai ta ga ba shi da yawa. Awa ɗaya take so a rana wadda babu mai kiran sunanta. A makaranta ita ce Madam. A gida ita ce Mma ga mutum huɗu, amarya ga surukarta duk da shekara ashirin, matar Imoru ga sauran gida. Awa ɗaya tak.

A Tamale wannan ba ƙaramar bukata ba ce. Garin ba ya barin mutum ya zauna shiru, domin a nan shiru alama ce, kuma alamar ba ta da kyau. Wanda ya zauna shi kaɗai bai ce komai ba, ko dai ba shi da lafiya, ko an yi masa rasuwa, ko an ɓata masa rai, kuma duka ukun aikin maƙwabta ne. Mariyatu ta gwada wata Asabar bayan azahar. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ba a yi minti goma ba surukarta, Mma Azeta, ta ƙwanƙwasa.

“Amarya, lafiya?”

“Lafiya lau, Mma. Hutawa nake yi.”

“Da ƙofa a rufe?”

Kafin la'asar an kawo mata kunu, an kawo jiƙon ganye, mata uku sun shigo sun zauna a bakin gado don kada kaɗaici ya dame ta. Aka aika aka kira Imoru daga shago, ya zo da baƙin mai a hannu, uwarsa ta tsare shi a soro. Ya shigo ya ba matarsa haƙuri a kan abin da shi da ita ba su san mene ne ba. Ta ce ta yafe.

Maganin ya zo mata ne ta hanyar ɗauke wuta. Wata rana injin niƙa na unguwarsu ya tsaya saboda babu lantarki, ga tuwon dare yana jira. Aka ce mata akwai wani tsohon nika-nika, wato injin niƙa, a unguwar Gurugu mai aiki da gas, ba ruwansa da wuta. Ta ɗaura masara a bayan babur bayan an tashi daga makaranta, ta tafi. Ɗaki ne na kwano, ba taga, da benci a jikin bango, da wani dogon dattijo fari fat da gari har gira. Injin kuwa, tun daga titi ake jin sa a ƙirji. A ciki ba a magana, ba don an hana ba, sai don babu amfani. Gaisuwar da a waje take ɗaukar minti biyar, a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi gajiya da sanyin jiya, ana amsa “naa, naa”, a nan ɗaga kai ɗaya ya wadatar. Mata goma suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowace tana kallon gabanta, kuma babu wadda aka ce ba ta da lafiya. Layi suke jira.

Mariyatu ta jira wajen awa ɗaya kafin a zo kanta. Da ta fito ta hau babur, sai ta lura kafaɗunta sun sauko daga inda suka maƙale kusa da kunnuwanta tun watanni. Washegari aka kawo wuta. Ta koma Gurugu duk da haka.

A hankali abin ya zama tsari. Takan auni masara ƙaramin kwano ɗaya, daidai tuwon rana ɗaya. A bakin ƙofa takan ɗora wani tsohon hijabi a kan kayan aikinta saboda gari, sai ta koma kamar kowace mace. Takan zauna a ƙarshen benci. In layi ya zo kanta, sai ta yi wa ta bayanta alama da hannu ta wuce, haka ta gaba, haka ta gaba. Da dattijon, wanda daga baya ta ga an rubuta sunansa da gawayi a jikin ƙofa, Masahudu, suna da yaren yatsu: murza yatsa biyu na nufin a yi laushi, ɗaga gira na nufin an gama. Kiran salla ba ya shiga ɗakin, don haka inuwar bakin ƙofa take kallo. In ta taɓa dutsen da ake tokare ƙofar da shi, sai ta miƙa kwanonta. Ba ta tunanin komai a wannan awar. Ƙarar ba ta barin wurin tunani.

A gida ta ce injin Gurugu ya fi laushi. Imoru ya yarda, har ya riƙa faɗa wa abokansa a shago cewa shi ba ya cin tuwon garin da ya kwana. A makaranta kuwa aka ga Madam Mariyatu ta canja. Yara casa'in da uku suna ihu, ita tana raba alli. Ba ta sake ɗaga katako ba. Shekara biyu da rabi aka yi a haka.

Sai wata ƙungiya ta zo daga Akra da shirin kula da lafiyar zuciyar malamai. Wanda ya kawo shirin, Mista Yazeed, ɗan Tamale ne da ya daɗe a kudu, saurayi mai ladabi da kwamfuta a jaka. Ya bayyana wa malamai cewa damuwa tana taruwa a jiki kamar ruwa a kwata, kuma ana rage ta da jan numfashi da zaman shiru na minti goma, ido a rufe. Da yake babu ɗakin da zai ɗauke su, aka fito da kujeru ƙarƙashin darbejiyar da ke fuskantar titi. Malamai sha ɗaya da hedimasta suka zauna a da'ira, suka sunkuyar da kai.

Mai sayar da koko a bakin ƙofa ce ta fara gani. Ta ajiye ludayi. A minti na shida akwai iyaye huɗu tsaye daga nesa, hannu a ƙirji. A minti na tara wani tsoho ya iso, ya cire takalmi, ya tsuguna a gaban Masta Wahid ya ce Allah ya jiƙan rai, ya tambayi ƙarfe nawa za a kai shi. Masta ya buɗe ido ya yi bayani cewa babu wanda ya mutu, hutawa ake koyo. Tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da takalminsa, ya ce to a riƙa sanarwa.

Mista Yazeed ya rubuta a littafinsa cewa dabarar tana bukatar a daidaita ta da al'adar wuri. Ya tambaya ko akwai wani a cikinsu da yake da hanyarsa ta gida. A nan ne Masta Wahid ya miƙe ya yi jawabinsa a kan arewacin Ghana, ya nuna Mariyatu.

“Madam, mene ne sirrin?” in ji Mista Yazeed.

“Babu sirri. Haƙuri ne da addu'a.”

“Kowa haka ya rubuta mini a takarda. Masta ma haka ya rubuta.”

“Kuma ga ƙwayarsa a aljihu,” in ji Madam Lariba. “Mista, ka bar ta da haƙurinta, ka tambaye ta masarar da ke bayan babur. Kullum kwano ɗaya, kullum hanyar Gurugu. Ni na ce ko kaji take kiwo a can, ko kuma Imoru ya yi sabon abokin gaba bai sani ba.”

Aka yi dariya. Mariyatu ta ce niƙa take kaiwa.

“Kullum?”

“Maigidana ba ya son garin da ya kwana.”

“Sabonjida babu inji?” in ji Lariba. “Ko naku ya fara zaɓen masara?”

Mista Yazeed ya riga ya buɗe sabon shafi. Ya ce irin wannan yake nema, abin da ya fito daga rayuwar mutane. Masta Wahid, wanda ya ga makarantarsa tana shirin shiga rahoto da wani abu ban da rufi, ya yanke hukunci.

“Gobe in an tashi za mu raka ki, Madam.”

Rakiya daga babba girmamawa ce, kuma ba a mayar da ita sai da dalili. Dalilin Mariyatu shi ne tana zuwa can ne don kada ta gan su, kuma wannan ba ya faɗuwa. Ta yi tunanin ta kai su injin unguwarsu, sai ta tuna a can kowa zai shaida cewa ba ta niƙa a wurin, kuma kafin magariba maganar ta isa kunnen Mma Azeta. Ta kwantar da hankalinta da lissafi ɗaya: babu mai takalmi irin na Mista Yazeed da zai jure wa ƙarar injin Masahudu fiye da minti biyar. Za su shiga, su toshe kunne, su fita, ita ta ci gaba da zamanta. Lissafin daidai ne ta fuskar inji. Ba ta saka Masahudu a ciki ba.

Washegari ta yi gaba a babur, farar motar ƙungiya tana bin ta. Masta Wahid ya sa batakarinsa, rigar saƙi mai faɗi ta bikin yaye ɗalibai, da hula. Ta ɗora tsohon hijabinta a bakin ƙofa kamar kullum ta shiga, suka biyo ta. Masahudu ya ɗago kai daga bakin inji, ya ga batakari, ya ga farar mota ta ƙofa. Ba a barin babban mutum ya yi gaisuwa da ihu. Ya miƙa hannu ya kashe inji.

Bel ɗin injin ya yi ta bugawa yana raguwa har ya tsaya. Mariyatu ta ji kaza tana kuka a bayan ɗakin. Shekara biyu da rabi ba ta san akwai kaji a wurin ba. Sannan ta ji muryar Masahudu a karo na farko. Siririya ce, kuma da ƙarfi yake magana, irin na mutumin da inji ya cinye masa rabin kunne. Ya rusuna ya gaida Masta, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya sake tambayar gida.

“Mun rako Madam ne,” in ji Masta Wahid.

“Wace Madam?”

“Ga ta nan. Madam Mariyatu. Malama ce a wurina, babu kamarta a duk arewa.”

Masahudu ya juya ya dubi ƙarshen benci.

“Mai ƙaramin kwano?”

“Ita fa.”

Dattijon ya cire hularsa, gari ya zubo daga cikinta. Ya ce shi yau ya ji kunya. Ya ce malama guda, mai koyar da 'ya'yan mutane, ya bar ta tana zama a bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ne, kullum ita ce ta ƙarshe, shi yana ganin wata ce da ba ta son komawa gida.

“Mba Masahudu, ni nake so,” in ji Mariyatu, tana kiransa Mba, wato baba. “Ni nake cewa su wuce.”

“Tarbiyya ke nan,” ya faɗa wa Masta. “Ka gani? Amma ni ya kamata in san abin da ya dace.”

Matan da ke benci ma suka sami baki. Wata ta ce wallahi ita ta ɗauka kurma ce. Wata ta ce ita ta daɗe tana cewa wannan hannun ba na mai daka ba ne. Wata mai goyo ta matso ta ce ɗanta yana aji biyar bai iya rubuta sunansa ba, ko Madam za ta duba shi. Mista Yazeed ya yi ta rubutu. Ya fahimci cewa Madam tana samun natsuwa ne ta hanyar cuɗanya da matan unguwa da fifita wasu a kan kanta, ya karanta mata jimlar, ya tambaye ta ko haka ne. Masta yana kallonta, Masahudu yana kallonta. Ta ce kusan haka ne. Aka ɗauki hoto. Injin ya yi minti arba'in a kashe, kuma babu wadda ta yi ƙorafi, domin baƙi ne.

Ta yi kwana biyu ba ta je ba, don maganar ta kwanta. A rana ta biyu wani yaro ya zubar da tawada a kan rajista, ta ji muryarta ta fita da wani kaifi da ta daɗe ba ta ji ba. A rana ta uku ta auni masara ta kama hanyar Gurugu.

Tun daga titi ta ji injin a ƙirjinta, kafaɗunta suka fara sauka. Ta ɗora hijabi, ta sunkuyar da kai, ta nufi ƙarshen benci. Injin ya mutu.

“Madam, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina yara? Ina Masta?”

A gefen benci akwai sabuwar kujerar roba, shuɗiya, an lulluɓe ta da buhu saboda gari. Masahudu ya yaye buhun ya kaɗe ta. Matan suka gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, ta amsa. Mai goyon nan tana nan, ta zo da littafin ɗanta.

“Mba, don Allah ka ta da injin. Mutane suna jira.”

“Yanzu kuwa. Kawo kwanon.”

“Ba layina ba ne. Akwai mutum takwas a gabana.”

“Ku akwai mai jayayya?” ya tambayi bencin. Babu.

“Ba sauri nake yi ba. Na fi son in zauna in jira.”

“Madam, kin jira shekara biyu. Kina so a ce a Gurugu ba mu san darajar ilimi ba?” Ya karɓi kwanon daga hannunta da hannu biyu. “Mai aiki irin naki, gara ta koma gida da wuri ta huta.”

Ta sake gwadawa. Ta canja hijabi, ya gane babur. Ta ajiye babur a bayan wani shago ta ƙarasa da ƙafa, ya gane kwano. Ta zo da babban kwano, ya yi murna ya ce iyali sun ƙaru. Ta leƙa wani inji a Dabokpa, ta tarar da iyayen ɗalibanta biyar a benci, kuma injin na lantarki ne, ana hira a kansa ba tare da an ɗaga murya sosai ba. Ta yi tunanin ta faɗa wa Masahudu gaskiya, amma gaskiyar tana nufin ta ce wa dattijo girmamawarsa ce matsalarta, a gaban mata takwas, inji a kashe.

Ba ta daina zuwa ba, domin Imoru ya saba da sabon gari kuma ya faɗa wa mutane da yawa. Rahoton Mista Yazeed ya fito da hotonta a shafi na uku, ya ba da shawarar malamai su riƙa shiga harkokin unguwa bayan aiki. Har yanzu ba a mayar da rufin ba, kuma bana yaran casa'in da bakwai ne.

Masahudu yana kashe inji ya gaishe ta, ya tayar ya niƙa nata, ya ɗauki kwanon da kansa ya kai mata bakin babur. Niƙan minti huɗu yake ɗauka. Tana isa gida kafin ƙarfe uku, lokacin kowa yana nan.